Yadda Ake Taimakon Wanda Ƙarfe Mai Cin Wuta Ya Ƙona, Daga Maƙera Zuwa Asibiti

Wata ranar kasuwa cikin damina aka kawo mana wani saurayi a bayan babur zuwa ƙaramin asibitin ƙauyen da nake aiki, ƙafarsa ta dama a naɗe da tsumma, an riga an lafta mata baƙin mai da makilin. Sana'arsa zubin tukwane ce, irin ta maƙeran farin nan da ke narka tarkacen alminiyam, wanda dattawa ke kira goran-ruwa, su zuba shi a ƙasar zubi ya fito tukunya ko ludayi. Ƙasar ta sha danshin ruwan da aka yi da dare, saboda haka narkakken ƙarfen yana sauka a kanta sai ya yi tsartuwa, wani ɓangarensa ya faɗa cikin takalmin robar da ke ƙafarsa ya zauna a kan idon sawu. Da muka wanke wurin, faɗinsa bai wuce bakin kofin shayi ba, ya yi fari fat kuma ya bushe kamar jemammiyar fata, shi kuwa yana cewa ba ya jin zafi sosai. Yayansa da ya kawo shi ya ce, "Alhamdu lillahi, Malam, ashe abin da sauƙi." Wannan rashin zafin shi ne abin da ya tayar mini da hankali, domin alama ce ta cewa wutar ta cinye fatar har jijiyoyin da ke jin zafi, kuma irin wannan ƙuna ba ta rufewa da kanta sai an yi dashen fata.

Ruwa yana tafasa ne a digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, amma dalma tana narkewa a 327, alminiyam a 660, jan ƙarfe a 1085, baƙin ƙarfe kuwa sai an haura 1500. Shi ya sa ƙunar ƙarfe ƙarama ce a ido, mai zurfi ce a ciki. Bayan narkakken ƙarfe akwai kuma ƙarafan da su kansu suke kamawa da wuta. Maganiziyam, wanda ake samu a wasu sassan injin mota da na babur da ke shigowa cikin kayan 'yan gwangwan, yana ci da wani farin haske mai kashe ido, zafinsa yana kaiwa wajen digiri 3000. Tamait, haɗin da Bajamushe Hans Goldschmidt ya samar a ƙarshen ƙarni na 19, wanda ake liƙe dogon jirgin ƙasa da shi, yana kaiwa wajen 2500 kuma yana zubar da narkakken ƙarfe. Sodiyam da fotasiyam da litiyam, waɗanda aka fi gani a ɗakunan gwaje-gwaje na makarantun kimiyya a nutse cikin kwalabar mai, suna iya kamawa da wuta idan ruwa ya taɓa su. Farin fosfaras kuwa ba ƙarfe ba ne, amma likitoci suna lissafa shi tare da su saboda ana sa shi a makaman soja masu tada gobara da hayaƙi, kuma yana kamawa da kansa a iska idan zafi ya kai kimanin digiri 30, wanda a bazarar Kano da Jigawa ko inuwa ta wuce shi.

Abin da ya raba wannan ƙuna da ta ruwan zafi ko ta murhu shi ne, abin da ya ƙona mutum yakan zauna a jikinsa yana ci gaba da aiki, kuma abin da ke kashe wata wutar shi ke hura wata. Saboda haka mai taimako yana bukatar ya san mene ne a kan fatar kafin ya ɗauki buta.

Mataki na farko: a raba mutum da wutar

A janye wanda ya ƙone daga wurin zuwa inda iska ke kaɗawa, domin hayaƙin waɗannan ƙarafa yana cutar da huhu. Idan tufafinsa sun kama, kada a bar shi ya yi gudu. A kwantar da shi ya yi birgima a ƙasa, ko a lulluɓe shi da bargo mai kauri ko buhun algarara, ba buhun leda ba, wanda zai narke a jikinsa. Sannan a cire ko a yanke rigar da almakashi, a cire takalmi nan take idan ƙarfe ya shiga ciki, a zare zobe da agogo da awarwaro da kambu tun kafin wurin ya kumbura. Yadin da ya narke ya manne da fata kada a fizge shi, a yanke abin da ke kewaye da shi a bar sauran wa ma'aikatan asibiti.

Wutar ƙarfen da ke ci a ƙasa ko a kasko kuma ba a watsa mata ruwa. Ruwa a kan maganiziyam mai ci ko a kan kaskon narkakken alminiyam yana jawo fashewa da tsartuwa, har ma gwangwanin kashe gobara irin na mota ba ya yi mata komai. Busasshen yashi ake zubawa a hankali har a binne ta. Yashin na wutar da ke ƙasa ne, ba na raunin da ke jikin mutum ba.

Mataki na biyu: a gane abin da ke kan fata

A nan ne aikin ya fi bukatar natsuwa, ko da yake daƙiƙu kaɗan ne ake da su. Tambaya ɗaya ta isa: da me yake aiki lokacin da abin ya faru?

Idan narkakken ƙarfe ne na maƙera ko na walda, ko tartsatsin maganiziyam ko tamait, a karkaɗe abin da ya karkaɗu da busasshen tsumma ko tsinke, a ɗauke manyan ɓaraguzan da matsefata ko awartaki, ba da yatsu ba, sannan a kwarara ruwa mai yawa. Na ce mai yawa ne da gangan, domin ɗan yayyafi a kan ɓarɓashin maganiziyam yana ƙara masa ƙarfi, amma ruwan da ke zuba ba tsayawa yana wanke shi ya kuma sanyaya naman. Ƙananan ɓarɓashin da suka nutse cikin fata kada a tsaya tono su a gida, sai dai a gaya wa likita, saboda idan aka bar su suna haɗuwa da ruwan jiki su mai da wurin gyambo.

Idan sodiyam ne ko fotasiyam ko ƙarfen litiyam, ruwa haramun ne har sai an cire su kakaf. Ruwa yana mai da su wuta da wani sinadari mai cin nama irin sodar da ake yin sabulu da ita. Abin da ake yi shi ne a rufe wurin da mai don a raba ƙarfen da iska da danshi. Man jarirai na kwalba ko ruwan farafin na kemis ne suka fi dacewa, idan babu su man gyaɗa zai tsare kafin a samu. Kananzir da fetur ba sa cikin lissafi. Sai a bi da busasshiyar matsefata a tsince gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya ana jefa su cikin kofin mai. Bayan an tabbata babu saura, a nan ne za a wanke da ruwa mai yawa na tsawon rabin awa ko fiye. Malaman kimiyya a makarantun sakandare su ne suka fi kowa bukatar riƙe wannan, domin ɗalibi mai gumi a hannu ya ɗauki guntun sodiyam ya isa ya ƙone shi. Batirin waya da na fitila mai caji da na sola da ya kama da wuta, ko da yake ana kiransa batirin litiyam, ƙunarsa ruwa ake zuba mata kamar sauran ƙuna.

Farin fosfaras kishiyar sodiyam ne ta kowace fuska, kuma wanda ya rikita su biyun zai yi ɓarna. Ana gane shi da farin hayaƙin da ke tashi daga cikin raunin, da wari kamar na tafarnuwa, da launin rawaya-rawaya kamar kakin zuma, kuma a cikin duhu yakan yi ƙyalli. Shi iska ce abincinsa, saboda haka a tsoma wurin cikin bokitin ruwa mai sanyi ko a rufe shi da jiƙaƙƙen zane, a riƙa ƙara jiƙa shi duk tsawon tafiya zuwa asibiti, domin da zarar ya bushe zai sake kamawa, ko da bayan awoyi ne. Ruwan ɗumi yana da haɗari, saboda fosfaras yana narkewa a digiri 44 ya bazu a kan fata. Mai kuma, ko basilin ne ko man shanu ko man shafawa na asibiti, yana narkar da shi ya shigar da shi cikin jini. Gutsattsarin da ake gani a cire su da matsefata a jefa cikin ruwa, tufafin da ya taɓa ma a jiƙa su a ajiye nesa da danni da rumbu.

Akwai kuma kabaid na masu waldar gas, wanda wasu ke nukar mangwaro da ayaba da shi, da farar ƙasar da ba a jiƙa ba. Garinsu ana fara karkaɗe shi ne a bushe tsaf, sannan a biyo da ruwa mai yawa.

Mataki na uku: sanyaya rauni da rufe shi

Ana zuba ruwa mai sanyi a kan ƙunar minti 20 cur, a duba agogo, domin mutane da yawa suna zuba buta ɗaya su ce an gama. Ruwan famfon tuƙa-tuƙa ko na rijiya ko na randa duk ya yi, mutum biyu su riƙa karɓa-karɓa, ɗaya yana cika buta ɗaya yana zubawa. Ko an makara, sanyayawar tana da amfani har cikin awa 3 na farko. Ƙanƙara kuwa tana tsuke hanyoyin jini ta ƙara kashe naman da ake so a ceto. Idan yaro ne ko tsoho, ko ƙunar tana da faɗi, ko lokacin hunturu ne, a lulluɓe sauran jikin da bargo ana sanyaya raunin kaɗai, kuma in ya fara rawar ɗari a dakata.

Bayan nan a rufe wurin da ledar naɗe abinci, a shimfiɗa ta a kai ba a ɗaure ta tamau ba, ko da sabuwar farar leda mai tsabta, ko wankakken zane da aka goge. Audugar gashi ba ta dace ba saboda tana mannewa. Ƙunar fosfaras ce kawai ake barinta a jiƙe. Makilin da baƙin mai da manja da ɗanyen ƙwai da gishiri da toka da kashin shanu, duk kada a sa ko ɗaya. Na san masu sa su da kyakkyawar niyya suke yi, amma suna riƙe zafi a ciki, suna shigar da ƙwayoyin cuta, kuma sai mun kankare su kafin mu ga zurfin raunin. Saurayin da na ambata ya fi shan azaba wajen wanke baƙin man nan fiye da ƙunar kanta. Bororon da ya tashi kada a fasa shi. A ba wanda ya ƙone farasitamol, a ɗaga hannun ko ƙafar da ta ƙone sama kaɗan don rage kumburi.

Idan wani abu ya fantsama a ido, a buɗe fatar idon a zuba ruwa mai tsabta daga gefen hanci zuwa waje na aƙalla minti 20, kada a murza, kada kuma a yi ƙoƙarin ciro guntun ƙarfen da ya kafe a ƙwayar ido da tsinke ko bakin zane. Hasken maganiziyam da na walda yana ƙona fuskar ido ba tare da an ji ba a lokacin, sai bayan awa 6 zuwa 12 mutum ya farka da dare kamar an zuba masa yashi a ido. Wannan yakan warke cikin kwana ɗaya ko biyu, amma idan gani ya ragu a je asibitin ido.

Mataki na huɗu: auna ƙunar da yanke shawarar tafiya

Tafin hannun wanda ya ƙone, haɗe da yatsunsa, kimanin kashi 1 ne cikin 100 na fatar jikinsa, kuma da shi ake kiyasta faɗin rauni. Ga babba, kai da wuya kashi 9 ne, kowane hannu 9, kowace ƙafa 18, gaban gangar jiki 18, baya 18. Ƙunar da ta kai kashi 10 ga yaro ko 15 ga babba tana bukatar ƙarin ruwa ta jijiya ba tare da jinkiri ba. Amma a ƙunar ƙarfe faɗi ba shi ne ma'auni kaɗai ba. Duk raunin da ya yi fari ko baƙi ko ya bushe ba ya zafi, duk wanda ya taɓa fuska ko hannu ko tafin ƙafa ko al'aura ko gaɓa, duk wanda ya zagaye hannu ko ƙafa ko ƙirji kamar munduwa, da duk ƙunar fosfaras ko sodiyam komai ƙanƙantarta, na babban asibiti ne. Haka nan wanda muryarsa ta dushe, ko gashin hancinsa ya babbake, ko yake tofar da baƙin majina, domin maƙogwaronsa na iya kumbura ya toshe cikin 'yan awoyi ko da yanzu yana magana lafiya.

A fara da asibiti mafi kusa don a sa ruwa a ba da maganin zafi, daga nan a nemi takardar turawa. A Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da Asibitin Ƙashi na Dala inda ake aikin ƙuna da dashen fata. A Jigawa akwai Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Idan tafiyar tana da nisa kuma mutumin yana cikin hayyacinsa ba ya amai, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kurɓi-kurɓi, na fakiti ko wanda aka haɗa da lita 1 ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya ga yadda abin ya faru shi ya kamata ya raka shi, ya riƙe lokacin da ƙunar ta auku da sunan abin da ya yi ta.

Abin da ake yi a asibiti

Ana fara duba numfashi, sannan a sa ruwan da ake kira Ringa laktet. Lissafin da aka fi sani shi ne na asibitin Parkland da ke Dalas a Amurka, wanda likita Charles Baxter ya fitar a 1968: mililita 4 sau nauyin mutum a kilo sau kason jikin da ya ƙone. Mutum mai kilo 60 da ya ƙone kashi 20 zai bukaci mililita 4800 cikin awa 24, rabinsu cikin awa 8 na farko, kuma ana ƙirga awoyin daga lokacin ƙunar, ba daga lokacin isowa asibiti ba, wanda shi ne dalilin da ya sa muke matsa wa dangi da tambayar lokaci. Wasu asibitoci suna farawa da ƙasa da haka, amma kowa yana daidaita ruwan ne da yawan fitsarin da ke fita, kimanin rabin mililita ga kowane kilo a awa ga babba, mililita 1 ga yaro. Ana yin allurar rigakafin tetanus, ciwon nan mai sarƙe haƙora, sannan a kashe zafin wurin a tsince ragowar ƙarfe a yanke mataccen nama. Idan ƙunar ta zagaye gaɓa ta matse jini, likita yakan tsaga busasshiyar fatar a tsaye don jini ya wuce; dangi sukan firgita da ganin haka, alhali shi ke hana yanke hannun.

Mai ƙunar fosfaras ana duba rauninsa a ɗaki mai duhu ko da fitila ta musamman don a hango ɓoyayyun gutsattsari, ana kuma bibiyar bugun zuciyarsa da sinadarin kalsiyam na jininsa da aikin hanta da ƙoda, saboda fosfaras ɗin da jiki ya tsotsa yana iya kashe mutum ko da raunin bai yi faɗi ba. A da ana wanke irin wannan ƙuna da ruwan kofa salfet, wani shuɗin sinadari, don ya baƙanta gutsattsarin a gan su, amma an gano yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini ya lalata ƙoda, shi ya sa aka koma ga ruwa da ruwan gishirin asibiti.

Man ƙuna na silba salfadayazin, wanda aka fi sani a kemis da sunan Dermazin, yana da amfani wajen tsare ƙwayoyin cuta, amma ba a shafa shi a fuska, ko ga jaririn da bai kai wata 2 ba, ko mai ciki da ta kusa haihuwa, ko wanda jikinsa ba ya karɓar magungunan salfa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na sha ko na allura ba a bayarwa haka kawai sai an ga alamar rauni ya harbu.

Jinya a gida

Ƙaramar ƙunar sama-sama irin ta tartsatsin walda, wadda ta yi ja tana zafi, ana iya jinyarta a gida. A wanke hannu, a wanke wurin da sabulu da dafaffen ruwan da ya huce, a shafa basilin a kan bandeji mai tsabta a rufe, a sauya kullum ko bayan kwana biyu, a jiƙa tsohon bandejin kafin a ɗaga shi. Idan ja ya fara yaɗuwa zuwa lafiyayyar fata, ko mugunya ta fito, ko wari, ko zazzaɓi, ko zafi ya ƙaru maimakon ya ragu, a koma asibiti a ranar. Raunin da ya kai mako 2 bai rufe ba zurfinsa ya wuce yadda aka zata, kuma jinkirin dashen fata shi ke barin tabo mai kauri.

Jikin mai ƙuna yana cin abinci fiye da na mai lafiya, don haka ƙwan da aka hana shafawa a rauni a dafa a ba shi ya ci, tare da wake da gyaɗa da nono da kifi da nama gwargwadon hali. Yatsun da suka ƙone a naɗe kowanne daban don kada su manne, kuma a riƙa miƙe gaɓoɓi ana lanƙwasa su sau da yawa a yini ko da yana jin zafi, domin fatar da ke warkewa tana tsukewa, kuma hannun maƙerin da ya ƙandare a dunƙule ba ya sake riƙe guduma sai da wata tiyatar. Bayan rauni ya rufe sarai, man kaɗanya ko basilin yana tausasa tabo ya rage ƙaiƙayi, a kuma riƙa rufe wurin daga rana na tsawon watanni.

Tanadi a wurin aiki

Duk maƙera da shagon walda da wurin tara gwangwan ya kamata a samu bokitin busasshen yashi a rufe, da jarkar ruwa mai tsabta can gefe nesa da kaskon narki, da almakashi da matsefata. Masu zubi su gasa ƙasar zubi da ludayin ɗiba da tarkacen da za su narka har danshi ya fita, musamman daga watan Yuni zuwa Satumba, su sa takalmin fata mai rufi su saki ƙafar wando a kansa, ba su cusa ta a ciki ba, su kuma guji rigar yadin roba. Tarkacen da ya fi alminiyam rashin nauyi, ko ya yi farin tartsatsi da aka kusantar da ɓarɓashinsa ga wuta, a ware shi kada ya shiga kasko. Rufaffen ƙarfe mai siffar kwalba ko bututu da ya zo cikin kayan gwangwan ba a san asalinsa ba, musamman mai fentin soja ko mai fitar da hayaƙi, kada a sare shi ko a ɗora masa wuta don a ga abin da ke ciki. A janye yara da dabbobi daga wurin, a sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa.